Ƙwayar Ƙarƙashin Harshe

Kowace safiya, kafin a ɗora ruwan shayi, Auta takan sauko da wani ƙaramin akwatin ƙarfe daga saman kwaba, ta buɗe shi da makullin da ke rataye a wuyanta, ta ɓallo ƙwaya ɗaya. Mijinta, wanda duk unguwa ke kira Kafinta, yana zaune a bakin gado. Sai ya buɗe baki ta sa masa a ƙarƙashin harshe. Daga nan ba magana, ba ruwa, sai ta narke. Ita tana ninke bargo, shi yana kallon yatsun ƙafarsa.

In ta narke ya ce, "Likita, an sallame ni?"

Ta ce, "An sallame ka. Na baya ya shigo."

Shi yakan yi dariya. Ita ba ta yi. Ba fushi take ba, dariyar ce ta ƙare mata, kamar yadda kukan ya riga ya ƙare.

Da can ba haka take ba. Auren so suka yi. Ƙofar ɗakin mahaifiyarta ya zo gyarawa, ya gyara ta sau uku a mako guda, har tsohuwar ta ce, "Kai yaro, ƙofar nan lafiyarta ƙalau, in wani abu kake nema ka turo manyanka." Shekararsu uku da aure ya faɗo daga rufin wani bene, bayansa ya tsage. Asibiti suka ba shi maganin kashe zafi mai ƙarfi. Ciwon ya tafi, ƙwayar ta zauna. Daga biyu ya koma shida, daga shida ya koma saye a bayan tasha. Sau biyu Auta tana ɓalle ƙofar banɗaki ta same shi a ƙasa, leɓunansa sun yi baƙi. Sau shida yana rantsuwa zai daina da ƙarfin zuciyarsa, sau shida yana komawa kafin mako ya zagayo.

A ƙarshe wani ɓangare na asibiti da ke kula da masu irin larurarsa suka ɗora shi a kan wannan ƙwaya ta ƙarƙashin harshe. Ba ta bugarwa. Tana kwantar da yunwar jiki ne, mutum ya iya tashi ya kama aikinsa. Ran Litinin su je tare, a duba shi, ya zauna da masu ba da shawara, a damƙa wa Auta maganin mako guda. Ya canza lambar waya saboda tsofaffin abokai. Ya daina zaman majalisa. Da magariba ya miƙa mata makullin babur da hannunsa. Wata goma sha ɗaya ke nan bai taɓa komai ba.

Sai ga saƙo: Inna, mahaifiyarsa, za ta zo a yi mata aikin ido, za ta yi mako uku. Yayarsa ce za ta rako ta daga garin da suke zaune.

Ranar da za su iso, Kafinta ya rufe ƙofar ɗaki ya ce, "Likita, ki cire maganin nan daga kwalinsa."

"Don me?"

"Kin san Yaya. Ko takardar ƙunshin gishiri ta gani sai ta karanta. Ta ga sunan, ta danna a waya, an gama da ni. Ki ƙunshe su ɗaya-ɗaya a farar takarda, ki ƙona kwalin."

"Malam, ka gaya wa Inna kawai mana."

"Ki rufa mini asiri! Giya ce ta kashe Baba, a gabanta. Shekara ashirin tana kwasar amansa. Ranar da aka binne shi ta dafa kaina ta ce duk ranar da na kusanci abin maye in nemi wata uwar. Har gobe da ni take alfahari a cikin mata. Ki yi mini alkawari ba za ta ji daga bakinki ba."

Ta dube shi. Ta san ba daidai ba ne, amma musu ma ƙarfi yake so, ita kuwa ba ta da shi.

"Na yi," in ji ta.

Ta zauna ta yanka takarda, ta yi ƙulli bakwai ƙanana, ta jera a akwati. Nan suka tafka kuskuren da ya kusa cin rai.

An yi wa Inna aiki lafiya, aka naɗe mata ido ɗaya. Amma ɗayan yana gani, Yaya kuwa idonta biyu garau, ga kunne kamar na zomo. Kwana goma tana kallo tana tarawa. A rana ta goma sha ɗaya, Auta na wanke kofuna a tsakar gida, ta jiyo muryar Yaya ta taga.

"Inna, wallahi rimot ne! Ta mayar da shi talabijin. Ki duba fa — namiji da gemunsa ya miƙa wa mace makullin babur! Ba aboki, ba majalisa. Ran Litinin ta sa shi a gaba su fita, ka tambaya a ce unguwa. Yau kuma da idona, ta bakin labule, na ga ta ciro wani ƙulli ta tura masa a baki. Na yi masa ina kwana, Inna, ko uffan! Sai ido, kamar rago a mota!"

Auta ta ci gaba da wanke kofin da ke hannunta. Ta wanke shi, ta ɗauraye, ta sake wanke shi.

Ana gama karin kumallo Inna ta kira su. Tana zaune a kan tabarma, carbi a hannu.

"'Yar nan, kawo makullin da ke wuyanki."

Auta ta dubi mijinta. Shi ya dubi ƙasa. Ta jira. Bai ɗago ba. Sai ta cire zaren ta miƙa da hannu biyu.

Yaya ta ɗauko akwatin ta buɗe, ta daka tsalle da baya. "La'ilaha illallahu! Ƙulli huɗu! Ban faɗa ba?" Ta warware ɗaya. "Ka ga bokayen zamani, sun waye, har ƙwaya suke bugawa. Sabon modal!"

"Maganin ciwon baya ne, Inna," in ji Kafinta, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni za ka yi wa wayo? Ina kwalinsa? Wane maganin baya ake kullewa da kwaɗo? Wane maganin baya ke hana ɗa gaida yayarsa?" Ta juya ga Auta. "Ke, ki ji tsoron Allah. Me kike ba ɗana?"

Amsar tana kan harshenta. Kalma biyar ta isa. Amma ta yi alkawari, wanda ta yi wa alkawarin kuma ga shi zaune ya zama dutse.

"Abin da ya faɗa ne, Inna."

Inna ta tattara ƙullin huɗu ta watsa a cikin garwashin da aka dafa shayi. Takarda ta kama, ta yi ɗan hayaki, shi ke nan.

"Ka buɗe kunnenka. In ka ƙara karɓar wani abu daga hannunta, ko ka bi ta inda take kai ka ran Litinin, ban yafe ba. Abincinka Yayarka za ta dafa. Ita kuma, in mun ga abin da ya fita daga jikinka, sai mu san matsayinta a gidan nan."

"Takardar saki ce matsayinta," in ji Yaya.

Auta ta ɗauki tsintsiya ta share tokar da ta zubo. An ce mata boka, an ce mata takarda, ta laluba cikin ƙirjinta ta ji wayam, kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

Rana ta farko ya je aiki ya dawo. A ta biyu hamma ta fara, ɗaya bayan ɗaya, hawaye da majina na zuba ba mura. Zuwa la'asar gumi ya jiƙa rigarsa, yana rawar sanyi cikin zafin rana. Ƙafafunsa suka ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ciki ya ɓaci. Ya yi amai har sai ruwa mai ɗaci.

Inna tana tofa masa addu'a, fuskarta cike da murna.

"Alhamdu lillahi! Yana fita! Ku duba yadda yake fita! Daure, ɗan nan, ai abin da ya daɗe a jiki ba ya tafiya da lalama."

Yaya ta leƙo ta ce wa Auta, "Sori fa, Hajiya, netwok ya ɗauke."

Auta tana durƙushe gaban baho tana wanke zanin gado na uku. Ta san wannan amai, ta san wannan gumi, ta san kwana nawa yake ɗauka, ta kuma san inda yake ƙarewa. Ta tsane hannu, ta zagaya bayan gida ta kira ma'aikaciyar jinyar da ke duba shi, wadda suke ce wa Sista.

"Aka ƙona?" in ji Sista. "Ku zo yanzu. Ki saurare ni da kyau: jikinsa ya manta yawan da yake sha a da. In ya koma ya sha irin wancan adadin, ba buguwa zai yi ba, numfashinsa ne zai tsaya. Wanda ya daina ya koma ya fi kowa kusa da kabari."

Ta same shi a ɗaki ya dunƙule kamar tsumma. Ta gaya masa yadda aka gaya mata, ba ragi ba ƙari.

"Kin ji abin da Inna ta ce. Ban yafe ba fa ta ce! Saura kwana tara su tafi. Zan daure."

"Ka taɓa daurewa?"

Ya juya fuskarsa bango.

A rana ta uku da hantsi ya miƙe, ya sa riga, ya ce an kawo katako a shago zai je ya gani. Inna ta ce, "Kun gani? Har ƙarfi ya fara dawowa." Yaya ta miƙa masa makullin babur tana hararar Auta.

Ko awa ɗaya bai yi ba ya dawo. Ya yi sallama da fara'a. Ya tambayi Inna idonta, ya tsokani Yaya a kan girkinta, har ya ce wa Auta sannu da aiki. Gumi na bin wuyansa, amma yana murmushi. Sai ya ɗebi ruwa a randa da kofin sha, ya nufi banɗaki.

Buta tana nan a bakin ƙofa, cike. Bai ko dube ta ba.

Auta ta tashi daga gaban baho, kumfa har gwiwar hannu, ta riga shi isa. Ta tsaya a ƙofar, ta jingina bayanta.

"Matsa, Likita."

"A'a."

"Cikina ne, ki matsa mana."

"Mai ciwon ciki buta yake ɗauka."

"Ke!" in ji Yaya. "Yanzu banɗakin ma sai da izininki? Inna, kin ga ƙarfin hali?"

Auta ba ta ɗaga murya ba. Da muryar da take tambayar ko a ƙara sukari ta yi magana.

"Malam, na yi maka alkawari ba za ta ji daga bakina ba, ban karya ba. An ce mini boka na yi shiru. A ba ni takardar ma zan karɓa. Amma sau biyu na ɓalle ƙofar nan na ciro ka, ba zan yi na uku ba, don na uku gawa zan ciro. Ka zaro abin da ke aljihunka na hagu ka ajiye gaban Inna. In kuwa sai ka shiga, to ka ture ni a gabanta."

Famfo na ɗiga cikin bokiti.

Ya ɗaga hannu kamar zai kama kafaɗarta. Ta dube shi, ba tsoro, ba roƙo. Hannun ya tsaya a sama, ya sauko. Kofin ya suɓuce ya faɗi. Ya juya yana jan ƙafa har gaban tabarma, ya durƙusa, ya zaro katin ƙwayoyi guda biyu ya ajiye. Ba a ɓalli ko ɗaya ba.

"Inna, ga asirin. Ba ita ta yi mini ba, ni na yi wa kaina. Tun faɗuwar da na yi. Shekara uku ina sha. Abin da kika ƙona shi ne ya riƙe ni wata goma sha ɗaya. Abin da kika ga yana fita, ba sammu ba ne, yunwar wannan ce." Ya kifa kansa a ƙasa. "Na zama Baba, Inna. Ita ta rufa mini asiri har ba ki gani ba."



Carbin ya tsaya a hannun Inna. Can ta ce, "Ƙwaya ta kama ka, a ba ka ƙwaya? Wannan wane irin magani ne? An kori kura an kawo kare?" Ta dafa ƙasa ta miƙe. "Ɗauko mini mayafina. Ni zan ji da kunnena. Maganar da na yi a kan Litinin na janye ta, har in dawo."

Suka isa asibitin su uku, wurin dogon ɗaki ne mai benci huɗu da fanka ɗaya. Inna ta shiga tana shirin ganin 'yan iska. Ta ga direba da hularsa, ta ga wata mata da jakar malaman makaranta, ta ga dattijo sa'anta yana jan carbi irin nata.

"Duk waɗannan?"

"Duk, Mama," in ji Sista. Mace ce gajera, ba ta da wasa. Ta fara tambayar Kafinta ko ya haɗiyi wani abu, ya rantse bai haɗiya ba, ta gwada shi ta tabbatar. Likitan asibitin ya zo ya duba, aka sa masa ƙwaya a gabansu. Sannan Sista ta juya kan Auta. "Ke kuma, wa ya ce ki raba magani da kwalinsa? Da 'yar maƙwabta ta tsinta fa? Yanzu ba za a ƙara ba ku na mako ba sai an ga hali. Kullum da safe ya zo nan ya sha."

"Na ji," in ji Auta.

"Ni ki ba ni amsa," in ji Inna. "Me ya raba taki da waccan?"

"Waccan kullum ƙari take nema, har ta kwantar da mutum. Wannan adadinta ɗaya, a hannunmu yake. Da waccan kin ga inda ya kai. Da wannan ya yi wata goma sha ɗaya yana rufa wa mutane ɗaki, bai faɗo ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce, akwai zaman shawara, akwai gida. Gidan shi ne ku."

"Yaushe zai daina?"

"Ba mu yanke rana. Wani shekara, wani ya fi. In lokaci ya yi a hankali ake ragewa, ba a cikin garwashi ba."

Inna ta haɗiye wannan. Ta dubi ɗanta. Rawar ƙafarsa ta fara lafawa, ya jingina kai da bango, idonsa a rufe. Ta sake duban dattijon can mai carbi.

"Shi ma ƙwayar ce?"

"Ba na faɗin ciwon wani, Mama. Amma nan har masu fama da giya muna dubawa. Su ma akwai maganin da ke rage musu sha'awarta, in sun yarda aka haɗa da shawara."

"Giya tana da magani?"

"Tana da abin taimako."

Ruwa ya gangaro wa Inna daga idon da ke buɗe, audugar ɗayan ma ta jiƙe.

"Mu da zagi muka yi namu jinyar," ta ce.

Sista ta miƙa mata hankici. "Kada ki jiƙa aikin idon nan, Mama."

Da suka dawo gida Inna ta sa aka shimfiɗa tabarma, ta kira Yaya ta zaunar, sannan ta juya ga Auta.

"'Yar nan, na ci zalinki. Na kira ki da sunan da ba naki ba, a gidanki, kina riƙe da ran ɗana. Ki yafe ni. Ke kuma mai rimot, buɗe baki."

Yaya tana wasa da bakin zaninta ta ce, "Ki yi haƙuri, ƙanwata. Wallahi ni kishin ɗan'uwana ne."

"Ba komai," in ji Auta. Ta laluba ko za ta ji daɗi, ko haushi, ba ta ji ba. Sai wani nauyi da ya sauko mata tun daga wuya har gwiwa. Ta ce, "Bari in gama wankin can."

"Ba ki gama komai. Yayarki tana da hannu. Tun yaushe rabonki da barcin kirki?"

Auta ta yi tunani da gaske. "Ban sani ba, Inna."

"Shiga ki kwanta. Asibitin safe ni zan riƙa raka shi, na ɗaga tafiyata. Ido ɗaya ya ishe ni tsaron ɗan da na haifa."

Ta shiga ta kwanta da rana tsaka, ko ɗankwali ba ta cire ba. Kafinta ya zo bakin ƙofa yana leƙe, yana so ya ce wani abu. Inna ta jawo kujera ta dasa a ƙofar ɗakin ta zauna.

"Ina za ka? Godiyar ta jira. Shekara huɗu tana gadinka, yau ni ke gadinta."

Azahar ta yi, la'asar ta wuce. Maƙwabciya ta yi sallama, Inna ta ɗora yatsa a baki ta kore ta da hannu. Auta tana ta barci, bakinta a buɗe kamar na jariri.

Kafinta bai koma bayan tasha ba, kuma ba a ƙara maganar takarda a gidan ba. Dariyar Auta ta daɗe kafin ta dawo, amma ta dawo.

To, 'yan mata da samari, ku ji. Mahaƙurci mawadaci ne, gaskiya ne, amma haƙuri ba shi ne kame baki har a fitar da gawa ba. Auta ta jure zagi, ba ta jure mutuwar mijinta ba, nan ne bambancin. Ku maza, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya fi tsoron kunya a kan kabari bai yi lissafi ba. Ku kuma iyaye, kada ku ɗora wa ɗa rantsuwar da za ta sa ya ɓoye muku ciwonsa, kuma abin da likita ya ɗora ba a sauke shi da fushi. Rashin sani ya fi dare duhu. A tambaya kafin a ƙona.